Buhun da Zulai Ba Ta Ɗauka Ba

Ranar da ɗawisun Alhaji Abdulmajeed ya ɓace, abin da Zulai ta fita da shi daga gidan ƙanzon shinkafa ne, a cikin baƙar leda wadda ko takalmi ƙafa ɗaya ba za ta ci ba. Matar Alhajin, Hajiya Nafeesa, ce da bakinta ta ce ta kankare tukunyar ta tafi wa yara da shi, kamar yadda aka saba kullum in ta gama aikin yamma. Ta rataya ledar a yatsa, ta yi wa Ishaya maigadi sai da safe, ta wuce teburin Ɗangoggo mai shayi a bakin layi, ta hau motar Karmo. Iyakar abin da ya faru ke nan. Ku riƙe shi da kyau, don daga nan ba za ku sake jin wani ya faɗe shi haka ba.

Washegari ta tarar da gidan a hargitse, wai Ciyaman ba ya nan. Ciyaman shi ne ɗawisun. Wani ɗan kwangila ya kawo wa Alhaji shi lokacin da aka ƙara masa girma zuwa mataimakin darakta, kuma tun daga ranar tsuntsun yake taku a tsakar gidan nan na Jabi kamar shi ya sayi filin. Ba ya ƙwai, ba a cin sa, ga kashi a kan mota, ga wani irin ihu da sassafe mai tsinka zuciya. Zulai ce mai ba shi dawa, ita ce mai wanke inda ya ɓata, shi kuma tukuicin da yake ba ta shi ne ya bi ta da sara a dunduniya. Amma Alhaji na ji da shi. In baƙi suka zo, kafin a kawo musu ruwa sai an kai su sun ga Ciyaman.

Alhaji bai je ofis ba ranar. Mutum ne da ya shekara da shekaru ana sa shi a kwamitin bincike, kuma yakan yi alfahari cewa bai taɓa zama a kwamitin da aka tashi ba a samu mai laifi ba. Ya sa aka ajiye kujera ɗaya a tsakiyar falo, ya hakimce a doguwar yana fuskantar ta, ya ce a kira Ishaya. Zulai na goge teburin cin abinci, don haka komai a kunnenta aka yi.

Ishaya dattijo ne, mutumin kudancin Kaduna, ya tsufa a ƙofar gidan nan amma bai taɓa zama a kujerar falon ba. Ya ɗosana a bakinta, hula a hannu. Alhaji ya tambaye shi ko ya ga fitar tsuntsun, ya ce bai gani ba. Ya tambaye shi wa ya fita da yamma, ya ce babu kowa sai Zulai, yadda ta saba.

"Yauwa," in ji Alhaji. "Jakar da ta riƙe, baƙa ce ko mai zane?"

Ishaya ya ce shi dai leda ya gani.

"Ban tambaye ka sunanta ba. Launinta na tambaya."

"Baƙi ne, oga."

"Baƙar jaka, madalla. Da hannu ɗaya ta ɗauke ta, ko sai da ta haɗa da ɗayan?"

Ishaya ya kalli silin. Zulai ta san a lokacin ƙwallo yake saurare a rediyo, ko ɗago kai bai yi ba da ta yi masa sallama. Amma wannan ba amsa ba ce da maigadi zai ba mai gida ranar da abu ya ɓace. Can sai ya ce kamar dai ta canja hannu da ta iso bakin get. Alhaji ya jinjina kai, ya ce mutum ba ya canja hannu sai kaya sun yi masa nauyi. Ya sallame shi, ya ce ya je ya ƙara tunani, irin wannan abu a hankali yake dawowa.

Zulai har dariya ta yi da ta koma kicin, don a ganinta maganar ba ta da ƙafar da za ta tsaya. Ta sami Hajiya Nafeesa tana shirin fita aiki, ta tuna mata cewa ita ta ba ta ƙanzon. Hajiya ta ce ta tuna ta ce a kankare tukunya, amma gaskiya ba ta tsaya ta ga abin da aka ƙulla ba.

"Ni ban ce ke ba ce, Zulai," ta ce tana gyara ɗauri a madubi. "Bincike ne kawai. In ba ki da laifi, me zai dame ki?"

Abin da zai dame ta kuwa yana da yawa. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku da ɗaki ɗaya na haya a Karmo, kuma aikin nan shi ke riƙe da ɗakin da tukunyar da ke cikinsa. A Abuja mai aiki ba ta da wata takardar shaida sai sunanta. Matan layin suna da gurup ɗinsu a waya, in aka rubuta a ciki cewa wance tana da ɗan hali, to daga Jabi har Maitama ba gidan da zai sake buɗe mata ƙofa. Da wannan ya faɗo mata a rai sai dariyar ta tafi, tsoro ya zauna a wurinta.

Shaida na biyu Ɗangoggo ne. Bakatsine ne mai baki, wanda tunda yake bai taɓa cewa bai sani ba, ko da hanyar garin da bai taɓa jin sunansa ba aka tambaye shi. Aka zaunar da shi a kujerar, aka sa Zulai ta kawo masa lemo mai sanyi. Alhaji ya tambaye shi buhun da Zulai ta wuce da shi jiya, ta wajen tasha ta yi da shi ko ta wajen tafki. Ɗangoggo ya ɗan tsaya a kan kalmar buhu. Alhaji ya ce kada ya damu, Ishaya ya riga ya tabbatar da wannan, sauran bayani kawai ake nema. Jin haka sai ya ce ta wajen tasha, wanda kuma gaskiya ne, kullum ta nan take bi.

"To abin da ke cikin buhun, motsi yake yi sosai, ko kaɗan-kaɗan?"

Ɗangoggo ya saci kallon Zulai, wadda ke tsaye da faranti a hannu. Yana ganin mutuncinta, sau da yawa takan miƙa masa ragowar miya in za ta wuce. An ba shi zaɓi biyu, sai ya ɗaukar mata mai sauƙin.

"Kaɗan-kaɗan ne, ranka ya daɗe. Wallahi ba sosai ba."

Da zai fita har ido ya ƙifta mata, alamar ya taimake ta.

Daga nan abin ya bar hannun Alhaji ya koma teburin shayi. Kullum da safe Ishaya na can da kofinsa, shi da Ɗangoggo suna tuna wa juna ranar. Wanda ya manta wani abu ɗayan ya cika masa. Ɗangoggo ya tuna buhun irin mai layi-layi ɗin nan ne ja da fari, Ishaya ya ce shi ya sa yake ta mamakin yadda ya ce baƙi, ashe inuwar get ce ta rufe shi. Ishaya ya tuna ta yi sauri ranar, Ɗangoggo ya ce har waiwaye take yi. Masu shan shayi suna ta girgiza kai suna cewa ka ga mutum kamar na Allah.

A zama na gaba Alhaji ya zo da gashin ɗawisu guda ɗaya da ya tsinta a bayan janareta. Ya ɗaga shi a gaban Ishaya, ya tambaye shi ko irin wannan ne ya leƙo ta bakin buhun, ko kuwa wanda ya fi shi tsawo. Ishaya ya rufe ido, ya daɗe a haka. Da ya buɗe sai ya ce irin shi ne sak, yana ganin sa yanzu kamar a talabijin, har da ɗigon nan mai kama da ido yana lilo a bayanta.

Abin da ya fi firgita Zulai shi ne ba ƙarya yake yi ba. Ta san Ishaya, mutum ne da ba ya fashin coci, wanda in ya tsinci allura a tsakar gida sai ya kai wa Hajiya. Idonsa har ya kawo ruwa don tausayinta. Da ƙarya yake yi, da sai ta roƙe shi ya ji tsoron Allah ya daina. Amma me za ta roƙi mutumin da ya gani da idonsa?

Kwanakin da suka biyo baya kowanne da sabon abinsa. Aka daina ba ta ƙanzo, wai har a gama bincike, sai dai a zuba a bola. Hajiya ta sa wa sito kwaɗo, ita ke auno shinkafa da kanta kafin ta fita, in ta manta ranar sai Zulai ta zauna tana kallon murhu har la'asar, sannan a ce abinci ya yi latti. Da yamma Ishaya zai tare ta a get ya ce ta kaɗe hijabinta, yana ba ta haƙuri yana cewa umarnin oga ne. Wata safiya ta ji ihun ɗawisu daga bayan katanga, ta ruga ta gaya wa Hajiya. Hajiya ta ce, "A duk Abuja mu kaɗai ke da ɗawisu?" Kowa a gidan yana jin ihun nan da safe, amma tunda kwamiti ya riga ya gano cewa tsuntsun na Karmo, sai aka bar shi a kan na wani gida ne.

Sai kuma aka haɗa ta da Tawfiq direba a je a duba ɗakinta. Motar Alhaji ta shiga lungun Karmo tana tsallake kwata, yara na bin ta a guje, matan gidan hayar duk suka fito da zani a ƙirji. Tawfiq ya leƙa ƙarƙashin gado, ya buɗe tukunya, ya ɗaga katifa, duk a kan idon 'ya'yanta. Da bai samu komai ba, kuma ba ya son komawa hannu rabbana, sai ya kwaso gashin kazar maƙwabta a bakin rariya. Alhaji ya juya gashin a hannu, ya ce a saninsa ruwan zafi na canja launin gashi, don haka ba za a yi watsi da shi ba.

Tun daga ranar sunanta ya koma Maman Ɗawisu a Karmo. Mai kayan miya ya tambaye ta ko naman ya kai na zabo daɗi. Ƙaramin ɗanta ya dawo daga makaranta da riga a yage, ya yi dambe da wanda ya ce a gidansu ana miyar tsuntsun masu kuɗi. Zulai ta ɗinke rigar tana kuka, baƙin ciki kamar ya kashe ta, ga shi ko ƙamshin naman ba ta ji ba.

Ita aka kira a ƙarshe. Ta ƙi zama a kujerar, ta durƙusa a ƙasa.

"Ba zan tambaye ki ko kin ɗauka ba," in ji Alhaji, "wannan mun wuce wurin. Sayarwa kika yi ko yankawa?"

Ta rantse da Allah ba ta yi ko ɗaya ba. Ya ce rantsuwa tsakaninta da Mahaliccinta ne, shi da hujja yake aiki. Ta fashe da kuka, ya ce a lura, mai gaskiya ba ya kuka tun ba a taɓa shi ba. Ta share hawaye ta yi shiru, ya ce a lura da wannan ma, ta rasa abin faɗa.

Hajiya ce ta biyo ta kicin da murya mai taushi, ta dafa kafaɗarta. Ta ce ita har yanzu ba ta yarda da gangan ba ne. Ko dai tsuntsun ne ya shige buhun da kansa yana neman shinkafa, ita kuma ta ɗaure ba ta lura ba? Da ta ɗaga, ba ta ji ya fi na kullum nauyi ba? Ta ce ta je gida ta yi tunani da kyau, in haka ne ai kuskure ne, kuma ita za ta sa baki Alhaji ya yafe.

A cikin motar Karmo, a matse tsakanin wata mai kwandon tumatir da wani mai barci, Zulai ta yi tunanin da aka ce ta yi. Ta dawo da ranar a ranta: ga tukunya, ga cokalin kankara, ga ƙofar baya. Ta zo wajen ledar, sai ta ga ja da fari. Ta kore shi, ya dawo. Ta ji kamar kafaɗarta ta yi tsami ranar, kamar ma ta canja hannu a bakin get. Tana isa gida, ko hijabi ba ta cire ba, ta kira babbar 'yarta Fiddausi ta tambaye ta me ta kawo musu ranar.

"Ƙanzo mana, Umma. Da manja da yaji muka ci."

"Kin tabbata?"

Yarinyar ta tsaya tana kallon uwarta. Wannan kallon ya fi duk tambayoyin Alhaji yi wa Zulai ciwo.

Wata ranar Asabar da hantsi aka buga get. Thaddeus ne, maigadin katafaren gidan da ke bayan nasu, irin gidajen nan da aka gina aka kulle, mai shi ma an manta kamanninsa. Ciyaman na ƙarƙashin hammatarsa, ya yi ƙiba, yana ta harare-harare. Thaddeus ya ce tsuntsun ya tsallako ne ta kan rumfar janareta, ya ga kansa a gilashin ƙofar gidan, tun ranar yake baza wutsiya yana faɗa da wancan na cikin gilashin. Shi ya ɗauka zai gaji ya koma. Ya ba shi garin kwaki har garinsa ya ƙare, ga ihu ya hana shi barcin safe, don haka ga kayansu, a yi masa aikin gafara.

Zulai ta faɗi ta yi sujada a kan siminti. Da ta ɗago fuskarta duk ƙura, tana dariya tana hawaye. Ba wani abu take jira ba illa kalma ɗaya. Ko "yi haƙuri" ba lallai ba ne, "ashe" ma ta ishe ta.

Alhaji ya shafa wuyan tsuntsunsa, ya yi hamdala, ya sa aka sallami Thaddeus. Sannan wani tunani mai zurfi ya zo masa. Ya ce a kawo kujerar.

Ya ce alhamdu lillahi sashe ɗaya na binciken ya kammala. Amma akwai shaidu biyu, Musulmi da Kirista, ba dangin iya ba na baba, kowanne ya ga buhu, kowanne ya ga motsi. Shaida irin wannan ba a zubar da ita don kawai tsuntsu ya dawo. Ya tambayi Ishaya ko yana so ya janye maganarsa. Ishaya ya dafa ƙirji ya ce shi ma abin ya ɗaure masa kai, amma abin da ya gani ya gani, ba zai yi ƙarya da furfurarsa ba.

"To kin ji," in ji Alhaji, ya juyo wajen Zulai. "Tunda ba Ciyaman ba ne a cikin buhun, mene ne?"

Hajiya ta riƙe haɓa. Ta ce yanzu da aka yi maganar, kamar zabin nan da aka kawo daga gonarsu ta Uke sun ragu. Zulai ta buɗe baki za ta ce ai ita ta soya su da Alhaji ya yi baƙi, kuma Hajiya da kanta ta ci cinya biyu. Sai ta ga yadda Hajiya ta ƙura wa bango ido tana ƙoƙarin tunawa, irin ƙurawar da Ishaya ya yi wa silin ranar farko. Ta rufe bakinta.

Ba korar ta aka yi ba, wannan Alhaji ya nanata shi. Hutu ne har a kammala bincike, don kwanciyar hankalin kowa, har da nata. Hajiya ma ba ta rubuta a gurup cewa ta yi sata ba, Allah ya kiyaye ta da ƙazafi. Cewa kawai ta yi a riƙa lura. Kafin Zulai ta saka hijabinta wayar Hajiya ta fara ƙara, matan layin suna ta jajanta mata, wata ma ta tuna ta taɓa ganin matar da wani buhu.

Zulai ba ta ɗauki komai ba. Ko silifas ɗin da take wanke-wanke da shi, wanda da kuɗinta ta saya, nan ta bar shi a bakin famfo. Da ta iso get ta cire hijabin ta kaɗe tun Ishaya bai ce ba, ta mayar, sannan ta buɗe tafukanta biyu a gaban fuskarsa, ta juya su ciki da baya. Ishaya ya sunkuyar da kai. Ya buɗe mata ƙaramar ƙofa, ya rage murya yadda ba mai ji.

"Zulai, tsakani da Allah, ni ba zan faɗa wa oga ba. Mene ne a cikin buhun nan?"

Ta fita da hannuwanta a buɗe, a ɗage daidai kafaɗa, kamar mai addu'a a tsaye. Haka ta yi niyyar tafiya har tasha, kowa ya gani, Ɗangoggo ya gani, masu shan shayi su gani. A bayanta Ciyaman ya ƙwala ihu. Ba ta yi nisa ba ta jiyo muryar Alhaji daga saman bene.

"Ishaya! Abin da ta fita da shi yanzu, babba ne ko ƙarami?"

Zulai ta tsaya cak a tsakiyar titi, hannuwanta na sama. Ta ji shiru, irin na mutumin kirki da ke ƙoƙarin tuna gaskiya, yana kuma neman ya sassauta mata.

"Ƙarami ne, oga," in ji Ishaya. "Ba kamar na ranar ba."